Muryar Auta a Cikin Gajimare

"Wai wace ce ke yin muryar matuƙan nan a bayan bango? Jiya saura kaɗan ta sa ni fitsari a wando."

"Kai, rufa wa kanka asiri. Anti Kunne ce fa."

"Wace Anti Kunne? Ta ɗakin rada?"

"Da can ke nan. Yanzu ta ɗakin koyo ce."

"To me ta yi aka jefo ta nan? Ni na ji an ce duk filin jirgin nan babu kamarta."

"Ƙaninta ta tsallakar wa layi. Jirage biyu na gabansa suna jira, ta ce shi ya fara sauka."

"Au, har a sama ma ana wa-ka-sani?"

"Ka ga, ni ban ce komai ba. Miƙo min sukari."

Wadda ake maganarta tana tsaye a bayan ƙofar ɗakin shan shayi, kofinta a hannu. Ta bari sai da cokali ya gama kaɗawa sannan ta tura ƙofar. Ta yi wa ɗaliban biyu sannu da hutawa, ta zuba ruwan zafi, ta ce wa wanda ya ƙware ya sha ruwa kar ya mutu kafin jarrabawa. Ta fita ta bar su suna kallon juna.

Baban su Anti Kunne mai gyaran rediyo ne, a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, inda ƙaurin dalma ba ya barin bango. Tun tana 'yar firamare yakan murɗa rediyon da aka kawo gyara, ya ce, "Faɗa min, me ke damun wannan?" Sai ta karkata kai, ta ce waya ce ta saki, ko lasifika ce ta yage. In ta canka daidai ya ja mata kunne a hankali, ya ce wannan kunnen shi ne gadonta, sauran yara su raba sukuddireba. Bai daɗe ba ya rasu, ya bar ta da Inna da ƙanne. Na ƙarshensu, Auta, a bayanta ya girma. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta, ita ta san tarinsa na gaske da na ƙarya.

Da ta gama karatu ta samu aikin kula da zirga-zirgar jirage. Mutane in sun ji haka sukan ɗauka tana tsaye ne a hasumiya tana ɗaga tuta. Ɗakinta ko taga babu. Duhu ne da sanyin na'ura, da allon rada inda kowane jirgi ɗigo ne mai lamba a gefensa. Ranar da gari yake garau aikin da sauƙi, matuƙi na ganin gabansa. Ranar da gajimare ya rufe kuwa, mutumin nan makaho ne ɗauke da mutum ɗari da wani abu a bayansa. Ba ya ganin ƙasa, ba ya ganin jirgin da ke kusa da shi, sai agogunan da ke gabansa da muryar da ke kunnensa. Ba zai sauko taku ɗaya ba sai ta ba shi izini, ba zai juya ba sai ta ce. Duk izinin da ta bayar sai ya maimaita mata shi, ita kuma ta saurara ko ya kama daidai. Kuma kowace kalma, tata da tasa, na'ura na naɗewa.

A wannan maimaitawar ce ta yi suna. Wasu lambobi kawai suke ji, ita mutumin take ji. Dogo, abokin aikinta da ke kujerar hagu, yakan rufe makirufo da tafin hannu ya ce, "Kunne, wannan fa?"

"Wannan bai yi barci ba. A ba shi juyi mai faɗi."

"Wancan kuma?"

"Sabo ne, kyaftin ɗinsa ya gama yi masa faɗa yanzu. Kar ka haɗa masa umarni biyu a baki ɗaya."

"Ke dai da boka kika zama da yanzu kin gina bene."

"Da na fara duba maka matar aure, ko Allah zai sa a dace."

Haka suka yi shekaru. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, gashi ya fara fari a gefen da abin kunne ke dannewa. Auta kuwa, wanda tun yana yaro take ba shi labarin jirage har barci ya ɗauke shi, ya zama matuƙi, ya kai kyaftin. In ya shigo sararinta ba Yaya ba Auta, lambar jirginsa take kira, shi kuma ya amsa kamar bai taɓa ganinta ba. Sai dai ta san shi da gaggawa. Yakan haɗiye ƙarshen lambobi kamar ana korarsa, ba sannu ba na gode. In sun haɗu a gidan Inna ta ce, "Kai, bakinka haya ka ɗauko? Ka riƙa ƙarasa magana." Ya ce ai ita ce ta koya masa cewa iska, wato layin rediyonsu, ba wajen hira ba ce.

Abu ɗaya ne ke sa Auta ladabi, kuma duk gidan an sani. Ranar da ya fasa gilashin tagar maƙwabta, a bakin ƙofa ya tare ta da "Yaya, sannu da zuwa. Yaya, in kawo miki ruwa?" Ranar da aka kore shi daga aji, har takalmanta ya goge. In tsoro ya kama shi sai maganarsa ta yi sanyi, ya riƙa ajiye kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera ƙwai a faranti.

Ranar da abin ya faru da rana ne, ana tsakiyar damina. Hadari ya zo ya zauna a kan filin ya ƙi tafiya, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko fitilun titin sauka ba a gani. Jiragen da suka iso ta jera su a wurin jira, kowa na zagaye a da'irarsa, wani a saman wani kamar kwanuka a kanta. Ƙa'idar a fili take: na ƙasa shi ke fara sauka, sauran su sauko mataki-mataki. Jirgin Auta ne na uku. Ya iso a makare, don ya sha kewaye hadari a hanya.

Can masu duba yanayi suka bugo, suka ce an samu 'yar kafa, amma ba za ta daɗe ba. Jirgi biyu za su iya wucewa, na uku sai an yi sa'a. Tana cikin shirya na farko sai ga muryarsa.

"Barka da rana, madam. Muna nan a ƙafa dubu bakwai, muna jira. Mun gode ƙwarai."

Ta danna makirufo, ta yi tambayar da littafin aiki ya yarda ta yi. "Faɗi yanayin man jirginka."

"Akwai isasshe, madam. Mun gode."

Ta ji ya haɗiye yawu kafin ya saki maɓalli. Ta sake tambaya. "Kana neman a ba ka gaba?"

"A'a, madam. Babu buƙata. Mun gode da kulawa."

A aikin nan akwai kalmar neman agaji. Matuƙin da mansa ya kai gargara ya furta ta sau uku, shi ke nan, kowa ya kauce, hanya tasa ce. Amma kalmar tana da tsada. Bayanta akwai bincike, akwai manyan kamfani da za su zaunar da mutum su tambaye shi me ya sa bai ɗauki mai da yawa ba, me ya sa bai juya wani gari tun da wuri ba. A kamfanin su Auta ba a daɗe da ajiye wani kyaftin a gida ba saboda ita, kuma ta ji Auta da bakinsa yana cewa mutumin ya yi gaggawa. Idan kuwa matuƙi bai furta ba, to a idon ƙa'ida lafiyarsa ƙalau, ya bi layi.

Ta dubi ɗigon nan yana zagaye. Ta ga yaro a bakin ƙofa da kofin ruwa.

Ta kira lambarsa. "Juya dama, fita daga da'ira. Sauko ƙafa dubu uku. An ba ka izinin kama hanyar sauka."

Ya maimaita mata tsaf, bai haɗiye ko harafi ɗaya ba.

Dogo ya rufe makirufonsa. "Kunne, ba shi ne a ƙasa ba."

"Na sani."

"Ya furta?"

"Bai furta ba."

"To ke..."

"Dogo, riƙe min na biyun nan a inda yake."

Auta ya sauka lafiya. Na farko ya biyo bayansa. Kafin na biyu ya iso kafar ta rufe, dole ya juya wani gari. Kyaftin ɗinsa, wani dattijo mai kaushin murya, bai tafi ba sai da ya ce a iska, kowa na ji, "Ina ce mun riga wancan zuwa? Ko idona ne?" Fasinjojinsa a can suka kwana a kan benci, kuma a cikinsu akwai irin mutanen da in sun buga waya ake ɗauka a tsaye. Ruwan bai gama ɗaukewa ba shugaban sashe, wanda kowa ke kira Oga, ya dafa bayan kujerarta ya ce ta miƙa wa wani abin kunnen.

Kwamiti ya zauna a wani ɗaki mai dogon tebur da fanka mai ƙara. Aka kunna abin da na'ura ta naɗa, ta ji muryarta da ta ƙaninta suna fitowa daga ƙaramar lasifika. Shugaban kwamitin ya cire tabarau.

"Malama, nuna mana inda ya ce yana cikin matsala."

"Ranka ya daɗe, a mayar baya kaɗan. Ku saurari yadda ya ce mun gode."

Aka mayar, aka saurara. Wani a ƙarshen tebur ya yi dariya ta hanci. "Yanzu godiya ma ta zama alamar haɗari? To ni daga yau na daina gode wa matata."

"Ba ya godiya a iska, ranka ya daɗe. Bai taɓa ba."

"Kin san shi sosai ke nan."

"Ni na raine shi."

"To ai maganar ke nan, Malama," in ji shugaban, ya mayar da tabaransa.

Aka shigo da Auta cikin fararen kayan aiki, hula a hammata. Bai kalli gefenta ba. Ya ce man da ya sauka da shi bai saɓa wa doka ba, kamfaninsa ma ya tabbatar. Ya ce shi bai nemi a ba shi gaba ba, umarni aka ba shi ya bi, kamar yadda aka koya masa. Da aka tambaye shi ko yana da abin da zai ƙara, ya ce madam ta yi aikinta da kyakkyawar niyya. Madam. A ɗakin da ba iska ba, ba makirufo.

Dogo ya so ya taimaka. Ya ce direban tankar mai ya gaya masa bai taɓa ganin jirgi da ƙishirwa irin ta ranar ba. Da aka kira direban, ya ce shi anya ma ranar yana bakin aiki kuwa.

Ba a kore ta ba. An ce saboda daɗewarta za a sassauta, a mayar da ita ɗakin koyo har a ga hali.

Da yamma ta tafi gidan Inna. Ta same ta a falo tana tsintar shinkafa a tire, talabijin na ta surutu ba mai kallo. Ta zayyana mata komai. Inna ba ta ɗago ba sai da ta kai aya.

"Ba kin sauko min da shi lafiya ba?"

"Na sauko da shi, Inna."

"To me kuma kike nema?"

"Kujerata."

"Kujera ai ko'ina akwai kujera. An rage miki albashi ne?"

"Inna, ce min ake yi mai son kai. Yaran da na isa in haifa suna nuna ni da baki."

"Ke ce babba. In ya buɗe baki shi za a ajiye a gida, ga yara ƙanana, ga matarsa da tsohon ciki. Ke kin riga kin ci rabonki na aikin nan. Ki bar shi ya ci nasa." Ta tura mata tiren. "Taya ni, idona ba ya ganin tsakuwa yanzu."

Ta taya ta.

Ɗakin koyo kashi biyu ne, bango a tsakani. A gefe ɗaya ɗalibi na zaune gaban allon rada na gwaji, malami a bayansa. A ɗaya gefen akwai wani ɗan akurki mai kujera ɗaya da makirufo, nan ne wurinta. Jiragen da ke allon na ƙarya ne, don haka sai an samu mai yi musu murya. Ita ce matuƙin kowane jirgi. Ɗalibi ya ba ta izini, ta maimaita masa. Matar da ta yi shekaru tana cewa sauko, juya, jira, yanzu ita ake ce wa jira, ta ce to. Tana yi musu dattijo mai faɗa, tana yi musu sabon shiga mai rawar baki, har ɗalibai na rantsuwa mutum biyar ne a bayan bangon. Kuma kusan kowane mako takardar darasi na kaiwa inda aka rubuta cewa man jirgi ya ƙare. Sai ta gyara zama, ta furta kalmar nan sau uku, a fili, ba gargada. Ba ta taɓa jin harshenta ya yi nauyi ba. Kalma ce 'yar ƙarama.

Wata rana ta ajiye takardar. Ta yi wa wata ɗaliba matuƙi mai ladabi, mai barka da rana da mun gode ƙwarai, mai ajiye kalmomi kamar ƙwai. Ɗalibar ta tambayi yanayin mai, aka ce mata akwai isasshe, ta bar shi a layi. Anti Kunne ta bar ɗigon ya yi ta zagaye, sannan ta danna maɓalli ya ɓace daga allon. Malamin ya zagayo akurkin ransa a ɓace.

"Anti, mene ne haka? Yarinyar nan daidai ta yi."

"Na sani. Daidai ta yi."

"To don Allah ki tsaya kan takarda."

Tun daga ranar wani abu ya fara cinta wanda ya fi maganar mutane ciwo. In da gaske akwai isasshen fa? In yaron nan ranar kawai ya ga damar yin ladabi ne? Ta kama kanta tana sauraron mijinta da 'ya'yanta tana shakkar abin da ta ji. Dogo ya leƙo wata rana ya ce ta zo ta ji wani matuƙi ta faɗa masa ko lafiya, ta ce ya tambayi na'ura.

Sai Oga ya kira ta ofis. Ya tuna mata abin da ta riga ta sani: wanda ya daɗe bai riƙe makirufo na gaske ba, lasisinsa na faɗuwa, kuma nata ƙarshen watan nan ne. A shekarunta ba wanda zai sake tura ta kwas. Ya rage murya. "Kwamiti zai sake zama in matuƙin ya canja maganarsa. Ni ban ce ki yi komai ba. Amma ɗan'uwanki ne."

Ta sami Auta da hantsi a harabar gidansa yana wanke mota, wando a naɗe, yaransa na wasa da tiyo. Yana ganinta ya saki soso.

"Yaya! Sannu da zuwa. Yaya, bismillah ciki mana. In kawo miki ruwa?"

Ta tsaya tana kallonsa har ya sunkuyar da kai. Ta ce ya kora yaran ciki. Ta gaya masa maganar lasisi, da ƙarshen wata, da kwamiti.

Ya ɗauki soson ya matse, ya sake matsewa. "Yaya, an sa sunana cikin masu horar da sabbin matuƙa. Wata mai zuwa za a tabbatar."

"Allah ya sanya alheri."

"In na koma na ce ba haka ba, ƙarya na yi wa kwamiti ke nan. Ba ajiyewa za a yi ba, kora ce. Ba kamfanin da zai sake kallona."

"Ni fa?"

"Ke ai kina da aikinki."

"Ina da akurki."

"Yaya, kin tambaye ni, na ba ki amsa. Ni ban roƙe ki ba."

"Ba ka roƙe ni ba." Ta gyaɗa kai. "Da na bar ka a layin fa, Auta? Kai ne na uku. Na ukun bai samu shiga ba."

Ruwan tiyo na ta malala yana bin ƙarƙashin takalminta. Daga taga matarsa ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta ce Yaya a dafa da ke ko, ta ce a'a, yanzu za ta wuce. A nan ta san kujerar ta tafi. Ba zai je ba, ko ta durƙusa masa, kuma ita ba za ta kai shi ƙara gaban kowa ba. Yaron da ta goya ne.

Ta ciro wayarta ta kashe, ta ɗora a kan bonet. Ta miƙa hannu, ya ba ta tasa, ta kashe ta ajiye kusa da ita. Ta buɗe motar ta shiga gaba, ta nuna masa kujerar direba. Ya shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu ya ja ƙofa. Kumfa ta rufe gilashin gaba, ba a ganin komai a waje.

"Na bar maka kwamitin," ta ce. "Na bar maka kujerar, ka je ka horar da matuƙanka. Nan ba na'ura, ba Oga, ba Inna, daga ni sai kai. Kunnen nan kaɗai Baba ya bar min, kuma tun ranar ban ƙara yarda da shi ba. Don girman Allah, Auta, kar ka ce min madam, kar ka ce min mun gode. Faɗa min abin da ya rage a tankin nan ranar."